Faifan da Ba Ya Rawa

Mai Suwaita ake ce masa, don ko rana na narka kwalta za ka gan shi cikin rigar sanyi. Ba ciwo ba ne, sana'a ce. Tun gemunsa na baƙi yake aiki a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan asibiti, inda aka girke saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Ba taga, ba kujerar kirki, sai gurnanin fankoki.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Sabar tana da faya-fayan ajiya a jere kamar aljihunan tebur, kowanne da 'yar fitilarsa. Kore, lafiya lau. Rawaya, faifan ya mutu. Sai ya danna sakata, ya zare mataccen, ya zura sabo, na'ura na ci gaba da aikinta, don ba a kashe ta. Sharaɗi ɗaya ne: in wani faifan ya riga ya mutu, kada ka kuskura ka zare mai rai. In ka zare, likitocin da ke sama sai su ga allo fayau, komai ya ɓace, har da magungunan da aka rubuta wa mutane.

Tunda ba a kashe na'ura, shi ma ba a bar shi ya huta ba. Ranar auren 'yarsa yana cikin gaisawa da surukai aka kira shi, ya tafi. Matarsa ta gaji da mita ta koma zolaya.

"Maigida, kai da injin nan ban san wa ke gadin wani ba."

Shi ma ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Sai kuma ido ya fara yi masa gardama, kore da rawaya suka zame masa abu guda. Bai gaya wa kowa ba. Ya san mai raunin ido gida ake tura shi, shi kuwa bai san yadda ake zaman gida ba. Dabara ta fi ƙarfi: sai ya riƙa ɗora bayan hannu a kan aljihun. Mai rai yana 'yar rawa saboda juyawa, matacce shiru. Haka ya yi ta rufa wa kansa asiri.

Sai asibiti ya sayo sababbin faya-fayai, irin waɗanda ba abin da ke juyawa a cikinsu.

Wata safiya ƙararrawa ta yi kuka. Allo ya nuna matsalar a layin ƙasa take, inda faifai biyu ke gefe da gefe, masu girkewa kuma ba su liƙa musu lamba ba. Ya durƙusa, gwiwa na ƙara. Ya taɓa na dama, shiru. Ya taɓa na hagu, shiru. Ya ɗora yatsa a sakatar na dama, zuciyarsa na ce masa shi ne. Amma a sama akwai mutane kwance, tsoro ya kama shi.

Ya janye hannu, ya kira shugabar sashe a waya.

"Ranki ya daɗe, ki ɗan sauko."

Ta sauko tana rungume da hannuwa saboda sanyi. "Baba, lafiya?"

"Wanne ne rawaya?"

Ta nuna na hagu. Sannan ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Tun yaushe, Baba?"

"An kwana biyu."

Ya zare na hagu, ya zura sabo, ya ji sakata ta kama. A sama ba wanda ya san an yi wani abu.

Ba su yi doguwar magana a ofis ba, dukansu sun san ƙa'ida. Da rana tsaka ya shiga gida yana gumi, matarsa ta bi shi da kallo.

"Ina rigar taka?"

"Na rataye wa wanda zai zo," ya ce. "Ɗakin akwai sanyi."