Takobin Baban Izu

Duk telan da ke Tudun Wada ya san shagon Ogbonna, inda ake sayen allura da ƙoshiya da man keke. Tun yana saurayi ya zo Zariya daga Kudu, ya koyi Hausa a bakin teloli, har da zaginsu. Lokacin da 'yan'uwansa suka tattara suka koma Sabon Gari, shi cewa ya yi ba inda za shi. Nan aka haifa masa ɗa, nan ake kiransa Baban Izu. Da azumi ko ruwa ba ya sha a bakin shago. Da Kirsimeti kuwa matarsa Ugochinyere takan sa Malam Kailani, telan da ke jikin shagonsu, ya yanka kajin da hannunsa, don maƙwabta su ci hankali kwance.

Ɗan Katolika ne, yana cikin dattawan cocinsu masu rakiyar fada, limamin cocin, a manyan bukukuwa da jana'iza. Suna da kayansu: baƙar kwat, alkyabba, hula mai gashin tsuntsu, da takobin da ko albasa ba zai yanka ba. Kailani ne ma ya rage masa tsawon alkyabbar, yana tsokanarsa wai ga Sarkin Yaƙin Allura. Ogbonna bai taɓa sa su a unguwa ba. A jaka yake kai su coci, a jaka yake dawo da su.

Sai ciwon sukari ya ɗauke Maman Izu. Kafin a wuce da gawar garinsu aka biyo da ita gida da hantsi, maƙwabta cike da benci sun zo ta'aziyya. Dattawan nan suka sauko daga mota cikin baƙaƙen kaya, suka jeru, suka zare takubba suka gitta su sama, aka ratsa da akwatin ta ƙarƙashi. Girmamawa ce suke yi wa matar ɗan'uwansu.

Izuchukwu, ɗan nasa, tun yana karatun jami'a a Kongo, nan Zariya, ya koma wani sabon coci inda ake wa'azin cewa Katolika ba addini ba ce. Ran nan zafin rashin uwa ya sa ya miƙe, ya faɗa da Hausa, kowa na ji: "Kun gani ko? Na sha gaya masa ƙungiyar asiri ce."

Kafin Ogbonna ya dawo daga binne matarsa, unguwa ta gama shari'a. Aka tuno tokar da yake zuwa da ita a goshi shekara-shekara. Aka tuno kyandir ɗin da ke ci a ɗakinsa rana tsaka. Matan da Maman Izu ta koya wa miyar agushi su ne suka fara raɗa cewa bayar da ita ya yi. Teloli suka gwammace su hau acaɓa neman allura. Mai gidan da yake haya, Alhaji Nagoda, ya ce ya tashi, magana ta kai gaban mai unguwa.

Ogbonna ya je da takobin, ya goga shi a tafin hannunsa, ya ajiye kan tabarma. Ya ce ƙofar cocinsu a buɗe take, wanda ya so ya je ya gani; aikinsu duba marasa lafiya ne da rakiyar gawa. Aka ce masa ai ba bare ne ya faɗa ba, ɗan cikinsa ne. Sai ya juya wajen mutum ɗaya da ya san kayan nan ciki da waje.

"Malam Kailani, kai ka ɗinka. Kai ka yi mini dariya. Faɗa musu."

Kailani ya dubi jama'a. Duk masu kawo masa ɗinki ne, cikinsu har da surukin 'yarsa. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar wani zare a hannun rigarsa.

"Ni tela ne, Baban Izu. Abin da aka kawo mini nake ɗinkawa."

Ogbonna ya mayar da takobin kube, ya yi wa mai unguwa godiya yadda ake yi, ya tashi. Ranar da ake loda kayansa babu wanda ya kama masa ko kujera. Izu ya aiko cewa fastonsu a shirye yake ya yi masa addu'ar kuɓuta. Ogbonna ya ci gaba da loda kayansa.

Yanzu yana Sabon Gari, a wani ɗan shago, cikin mutanen da ke yi masa dariya wai Ibonsa ya yi warin Hausa. Kirsimetin da ya wuce ya sayo kaza guda ɗaya. Ya fito da ita bayan ɗaki, wuƙa a hannu, ya daɗe a tsaye, sannan ya tuna tunda ya zo Zariya bai taɓa yanka kaza da kansa ba.