Matar da Ta Cire Kwaɗo Daga Ƙofar Babana

Ƙarfe bakwai na safe tana bakin ɗakin. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan wurin karɓar magani, benci biyu, teburi ɗaya, da fankar da sai ta ga dama take juyawa. Takan share da kanta, ta cika kofuna da ruwa, don ta ce tsoho yakan manta yana jin ƙishi. Sai ta fito ta bi layin masu jiran likita tana duba fuskoki. Dattijon da ya sa riga a baibai, tsohuwar da ke ta tambayar 'yarta “ina ne nan?”, su take kamo wa hannu. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki. Sauran nas-nas suka laƙaba mata Sista Tsofaffi don zolaya, ta karɓi sunan hannu bibbiyu.

Makon jiya ta yi ritaya. Raina a ɓace nake rubutun nan, kuma da kaina zan fara.

Babana tela ne, shekara arba'in yana kan keke. Da farko almakashi ya riƙa ɓace masa. Can sai ya ce matata ke sacewa, ya kira ta ɓarauniya a gaban baƙi. Gwaggona ta ce sammu ne. Yayana ya ce rikicin tsufa ne kawai. Ranar da mai faci ya dawo mana da shi daga bakin babban titi ba takalmi, na je na sayo kwaɗo. Wata huɗu ina kulle mahaifina kafin in fita aiki. Na faɗa, ku zage ni.

Kumburin ƙafa ya kai mu asibiti, Sista ta tsamo mu daga layi. Ta ce, “Baba, me kuka ci da safe?” Ya juyo yana kallona. Sai ya kama hannun rigarta ya jujjuya, ya ce, “Wanda ya yi miki ɗinkin nan, ki daina kai masa.” Ta yi dariya har da tafi. Da ta juyo kaina tana tambayoyi, na yi suɓul da baka na ambaci kwaɗon. Dariyar ta ɗauke.

“Kwaɗo? Ɗana, akuya ce?”

Na ce tsoro nake ya ɓace.

“Zauna,” in ji ta. “Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ciwon mantuwa, ba kowane tsoho ke yin sa ba. Wani yakan lallaɓo a hankali, mutum ya manta abincin safe amma ya tuna sana'arsa. Wani yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar jiki. Wani ya riƙa ganin mutanen da babu su. Wani halinsa ne zai juye, mai kunya ya koma mai ashar. Likita zai duba, don akwai ruɗewar da ke da magani. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, irin na Baba da wuya ya warke. Kulawa yake so, kai kuma ka ba shi kurkuku.”

Ranar hutunta ta zo gidanmu. Tana shiga ta miƙo hannu, na ɗora mata kwaɗon, ta jefa a jaka. Ta sami matata, wadda ta riga ta haɗa kayanta, ta ce, “'Yata, ba ke yake zagi ba. Ya nema ya rasa, ya tsorata, ke ce a kusa.” Matata ta fashe da kuka. Sista ta sa muka ɗinka masa lambar wayata a aljihu, ta bi maƙwabta gida-gida ta yi musu bayani, ta ce a tara masa ƙyallaye da maɓallai ya riƙa jerawa. Yanzu Baba bai san sunana ba, amma yana zaune a tsakar gida cikin jikokinsa, kuma daga hannun matata kaɗai yake yarda ya ci abinci.

Direban motar asibitin ya ba ni nasa labarin. Wata tsohuwa ce ta ɓata hanya, tana ta surutai, jama'a suka kewaye ta suna ihun mayya, har an fara ɗiban duwatsu. Ya ce Sista ta ratsa su da gudu, ta lulluɓe tsohuwar da mayafinta, ta ce, “Mai jifa ya fara da ni!” Ƙarti majiya ƙarfi, a kan tsohuwar da ko sunan kanta ba ta sani ba! Tir.

To, ku ji sakayyar. Kwana biyu da tafiyarta aka cika ɗakin da kwalaye. Ba a naɗa kowa a gurbinta ba. Na tambayi wani babba a ofis, ya ce, “Ai tsofaffin nan ba warkewa suke ba.” Shi ba zai tsufa ba ke nan?

Sista, ke ce kika durƙusa a gaban iyayen da 'ya'yansu suka gaji da su. Ke ce kika sha zagi da tofi, kika goge fuska kika ci gaba. Uwar iyayenmu, mun gode. Allah Ya saka miki da mafificin alheri.

Jiya na je yi mata godiya. Na tambaye ta me za mu yi mata. Ta ce, “Shekaruna sittin, ɗana. Wata rana ni ma ina iya tsayawa a titi ban san hanyar gida ba. Ku koya wa mutane su kama hannuna.”

Matasan nas-nas, kun ji. Masu tsofaffi a gida, kun ji. Ni dai na yi mata alkawari, kuma da gwaggona na fara.