Tsohon da ya biyo mu daga teku

Jama'a, yau ni sarkin surutu bakina ya mutu!

Ni da maƙwabcina Sale muka bar unguwarmu Misfala da ke Makka, muka hau jirgin ruwa na shaƙatawa a Jidda. Muna dawowa, askarin bakin teku ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya ce, "Ta tsohon fa?"

Na ce, "Ya shaikh, ni ne tsohon!"

Bai yi dariya ba. Wai mu fito da shi, ko a kulle mu kan safarar mutane. Aka birkice jirgi. Ba kowa! Sai kujerar baya, jiƙe sharkaf.

Askari ya nuna kujerar, ya ce, "Da harami na gan shi. Ya tambaye ni ko an iso Jidda."

Sale ya dafa kujerar, ya ce, "Kakana daga Sudan ya taso hajji. Jirginsu bai iso ba."