Kwamfutar Bawku Ta Amsa Ba Wuta

Jama'a, wannan da ni ya faru, ba ji na yi ba, lokacin ina kula da kwamfutocin wata islamiyya a Yendi. Malaminmu ya rasu ya bar karatunsa a tsofaffin kaset, babban ɗansa Malam Awudu ya ce in juye su kafin su lalace.

Duk kaset ɗin da na juye sai in tura shi kwamfuta uku, ta Salaga da ta Yendi da ta Bawku. Ni kuwa ba ni da haƙurin bi ɗai-ɗai, sai na rubuta ɗan shirin da ke tura ukun lokaci guda, ya jira kowacce ta gama karɓa, ya kawo min amsarta. Sifiri na nufin saƙo ya isa, wata lamba kuma matsala. Kullum sifiri uku nake gani, har na ce wa Malam Awudu ya kwantar da hankalinsa.

Da damina ruwa ya cinye kaset ɗin da kwamfutar Yendi, na kira Salaga aka ce ai tasu ta ƙone jiya. Muryar Malam ta rage a Bawku kaɗai.

Da azahar ni da Malam Awudu muka isa Bawku, maigadi ya buɗe ɗakin, ƙura ko'ina. Ya ce, "Massa, wannan mashin ba laiti tun azumi, watanni ke nan, ɓera ya ci wayar wuta." Malam Awudu ya juyo yana kallona.

Na ce ko shirina ne ke min ƙarya, na buɗe laftof na sake gwada shi. Salaga ta kasa, Yendi ta kasa. Bawku ta ce sifiri. Wallahi tallahi guntuwar wayarta na hannuna!

Muka ɗaura sabuwar waya muka kunna. Karatun duk yana nan, har wanda na tura makon jiya. Malam Awudu ya ji muryar babansa ya fashe da kuka, ni kuma na kasa sakin ƙofa.

Har yau in na ga sifiri sai gabana ya faɗi. In kwamfuta ta ce muku aiki ya isa, don Allah ku aika mutum ya leƙa ɗakin, ya ga wa ke amsawa.