Bakina a Goshin Inna

Ko zan manta komai na zamana a Ingila, ranar da muka je Lozells ni da 'yata ba za ta taɓa fita a raina ba.

Lokacin ina Manchester, injiniyan sadarwa ne ni, kuma ina ji da aikin nan har abin ya yi yawa. Inna, mahaifiyarmu, ta zo daga Kano ganin likitan gwiwa, ta sauka gidan yayana a unguwar Lozells da ke Birmingham. Ni ne auta, amma sai na mai da zumuncina na waya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nake kiranta. Kun san yadda gaisuwarmu take tafiya a jere: ina wuni, ya gajiya, ya jiki, ya sanyi. Ita kuma ta bi ni da lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi, ta rufe da "Madalla, Allah ya yi albarka." Sai in ajiye waya ina ganin na sauke nauyi.

Ana haka matata ta yi ɓari, cikin da muka daɗe muna roƙon Allah ya ba mu. Ba mu gaya wa kowa ba. Da Juma'a ta zo na kira Inna, bayan gaisuwa na faɗa mata, matata na kwance kusa tana ji. Inna ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka."

Matata ta juya fuskarta bango. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai, na daina kira. Yaya ya yi ta nemana, kullum in ce aiki ne ya riƙe ni.

Cikin wannan fushin aka ba 'yata aikin makaranta a kan mutumin da ya ƙirƙiro tarho. Na gyara zama ina zuba mata bayanin yadda murya ke bin waya, ita kuwa wani abu daban ne ya kama ta. Wai mahaifiyarsa ba ta ji sosai, sai yakan kafa bakinsa a goshinta ya yi magana ƙasa-ƙasa, ta gane ta motsin muryar. Da ya girma kurame ya koyar, kurma kuma ya aura. Na ce mata wannan duk surutu ne, ta rubuta batun na'ura kawai.

Da aka yi hutu Yaya ya matsa, muka hau jirgin ƙasa ni da yarinyar. Muka tarar da Inna a falo, ta lulluɓe ƙafa da bargo. Na durƙusa, kaina a sunkuye yadda aka koya mana, na gaishe ta sama-sama. Ta amsa komai daidai. 'Yata kuwa, tashin Ingila, ido ta ƙura mata. Can ta zagaya bayan kujera ta kira ta da ƙarfi, Inna ko motsi ba ta yi ba.

"Baba, Inna ba ta ji fa," in ji ta. "She's just guessing," wato kintata kawai take yi.

Matar Yaya ce ta fasa maganar. Ashe tun zuwan Inna kunnenta ya yi nauyi, ta kuma hana a gaya mini, wai kada auta ya ga kiran ba shi da amfani ya daina. Takan manna wayar a kunci, in ta ji motsin ya tsaya sai ta ba da amsar da ke biye. Juma'o'in da ban kira ba, da wayar a cinya take wuni.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa na kafa bakina a goshinta, abin da na kira surutu, na sake faɗa mata labarin ɓarin a hankali. Sai da na maimaita kafin ta gane. Ta riƙe kaina da hannu biyu tana salati, hawaye na zuba.

"Yaushe?" ta ce. "Ka bar matar taka ita kaɗai da wannan, ba ka gaya mini ba?"

Ban iya ce mata na gaya mata ba.

Tun daga ranar na gane amsa gaisuwa daban, ji daban. Yanzu in ina son sanin lafiyar wani nawa, zuwa nake yi in ɗaga kai in dubi fuskarsa.