Ranar da Na Je Auna Iskar Yasore

Batsari zuwa Wagini

Da asubar fari na bar Batsari a bayan a-kori-kura, rungume da akwatin na'urar auna iska. Lokacin ina sabon malamin gona, ƙasa kuma ta fara barin mil tana komawa kilomita. Shugabanmu ya ce za a kafa wa rijiyar Yasore famfon da iska ke juyawa, in dai gudun iskar garin ya kai goma sha biyu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A Wagini hanyar mota ta ƙare, na sha fura, aka ara mini jaki.

Yasore

Da hantsi na tarar da Ardo, dattijon Fulanin wurin, a bakin rijiya. Zurfinta kuwa, sai bijimin sa ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya leƙo. Bayan mun gaisa na kafa na'ura a tudu, 'yan kofunanta suka kama juyi. Allura ta tsaya tsakanin lamba biyu: jan rubutu na mil ya ce tara, baƙi na kilomita ya ce sha huɗu.

"Malam, iskar tamu ta ci?" in ji Ardo.

"Baba, a baƙi ta ci, a ja ta faɗi."

"Af! Ashe iska biyu gare mu?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na ce bari in je Safana in tambayo.

Safana

Na mayar da jaki Wagini, bayan la'asar wata motar gyaɗa ta sauke ni ofishin ruwa. Na ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, sha biyun nan mil ne ko kilomita?"

"Ko ɗaya. Injiniyoyi mita suke aunawa a kowane sakan." Ya buga lissafi, ya ce huɗu ba kaɗan.

Tirƙashi! Iska ɗaya, lamba uku. Na ce, "To sha biyun fa?"

Ya sosa ƙeya, ya ce zai aika Kaduna a tambayo.

Gida

Na iso Batsari bayan magariba lafiya lau, alhamdulillahi, kaina kawai ke juyi. Har aka yi mini canjin wurin aiki amsar Kaduna ba ta zo ba. Ranar kasuwar ƙarshe kafin in tashi, wani ɗan Yasore ya kawo mini ƙwaryar nono da saƙon Ardo: a gaya wa Malam iska na nan yadda ya bar ta, san da ke jan guga ne dai ya mutu.