Hanyar Kufena Cikin Dawa

Abokina ya yi shekara talatin da wani abu yana sayar da kayan gyaran keke a Sabon Garin Zariya, amma bai taɓa taka dutsen Kufena ba. Ɗan ƙabilar Ibo ne, mun saba tun ina masinja ina kai masa kekena. Da ya yanke shawarar komawa garinsu gaba ɗaya, na yi masa alkawarin kai shi saman dutsen kafin ya tafi. Motarsu ranar Litinin za ta tashi, Asabar kaɗai ta rage mana.

Tun Laraba nake duba sama, don tsakiyar damina ce. Na haɗa gorar ruwa biyu, lema, dafaffiyar gyaɗa da maganin ciwon kai. Matata ta leƙa jakar ta ce, "Dutse za ka hau ko asibiti za ka buɗe?"

Ya same ni a Samaru da safe, muka hau keke napep zuwa wajen Wusasa, daga nan muka kama ƙafa. Gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, belbela na bin shanu a fadama. Muka wuce wani dogon tudun jar ƙasa da ciyawa ta rufe, na ce masa ragowar ganuwar mutanen da ce. Ya tsaya ya dafa ta da hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne ni da rani na san wurin. Hanyar da nake bi ta ɓace ƙarƙashin gonar dawa, ta kai mana ƙirji, ga dutsen can bayanta kamar ka miƙa hannu.

"Oga masinja, mu ratsa mana," in ji shi.

"Gonar mutane ce. Ba mu nemi izini ba."

"Dawar za mu ci?"

"In muka karya kara ɗaya fa?"

Ya yi dariya har da tari. Amma ya san halina, sai ya biyo ni muka fara zagaye. Gona ta ƙare, wata ta kama. Mun fi awa guda muna bin gefe, gwiwarsa ta fara damunsa, hadari kuma ya soma haɗuwa ta gabas. Na ga mutumin nan zai bar Zariya bai hau dutsen ba, kuma ni na jawo.

Can muka hango wata dattijuwa tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa. Na cire hula na gaishe ta, na yi mata dogon bayani.

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Yanzu Baba, da girmanka, dawa ce ta tsare ka tun safe?"

"Mama, faɗa masa!" in ji abokina. "Ya kusa kashe mini ƙafa."

Ta kai mu bakin gonar da ke gaba, ta nuna mana inda aka ɗaure ganyen dawa biyu wuri guda. Ta ce duk shekara suna barin kwari ɗaya mai faɗi tsakanin kunya saboda masu zuwa dutse, ɗaurin nan shi ne alamarsa. Ashe mun wuce irinsa har biyu.

"Ku bi nan ɗoɗar. In kara ya karye, ku ce ni na sa ku."

Na shiga gaba, hannuwana a manne da jiki. Ganye na shafar fuskarmu, har muka ɓulla gindin dutsen.

Ba mu kai ƙololuwa ba. A wani faffaɗan falalen dutse, kamar rabin hawa, gwiwarsa ta ce ta gaji. Daga nan ana ganin gonaki shimfiɗe kore shar, rufin kwano na ƙyalli nesa cikin itatuwa, hadarin kuma ya karkata ya yi kudu. Ya yi ta nuna wurare da yatsa yana cewa can ne shagonsa, can ne cocinsu. Ban tabbata daidai yake nunawa ba, ban kuma gyara masa ba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce, "To wannan ya zama hawa kuwa? Ni sama na yi maka alkawari."

Ya cire takalmansa ya miƙe ƙafa a kan dutsen mai ɗumi.

"Kufena ne a ƙarƙashina ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"To zauna, ka miƙo gyaɗar nan."

Na zauna.